Bisa Buhunan Albasa

Wauta iri-iri ce, tawa kuwa da rigar wayo ta zo mini, shi ya sa na daɗe ban gane ta ba. Na yi shekaru ina buga ƙirji a majalisarmu ta bakin kasuwa a Argungu, ina cewa ɗana yana karatu a Poli ta Birnin Kebbi, yana zuwa yana komawa, bai taɓa miƙa wa ɗan kamasho ko sisi ba. Wani yana alfahari da gonarsa, wani da zuwansa Makka. Ni nawa abin alfaharin ke nan. In na faɗa sai in gyara zaman hula, in jira a yaba.

Ni dillalin albasa ne. Boko a aji uku na tsaya, kuma ba wanda ya cire ni. Malami ne ya aike ni ɗebo ruwa, na iske ana su, kamun kifi, a gulbi, har yau ban kai masa ruwan ba. Na yi dako, na yi ɗinkin bakin buhu, sannu a hankali bakina ya fi ƙarfina kawo abinci, na zama dillali. Duk direban da ya taɓa lodi a garinmu na san shi, na san irin goron da yake ci, na san abin da yake ɓoye wa mai motarsa.

A wajen lodi akwai wata al'ada. In mai kaya ba zai bi mota ba, sai ya sa mutum guda ya hau bisa buhuna ya raka su, kada wani buhu ya yi ƙafa a hanya. Ɗan rakiya ba ya biyan kuɗin mota. Ranar da takardar ɗana ta fito ta shiga Poli, mutane suna ta yi mini barka, ni kuwa abin da ke yawo a kaina shi ne na samu ɗan rakiya na dindindin. Motocin albasa masu zuwa kudu ta Birni suke bi. Sai in ɗora shi, in ce wa direba ya sauke mini shi a shataletale. Dawowa kuma duk abin da Allah ya kawo: motar siminti, motar taki, a-kori-kura mai kwandunan kifi. Sau ɗaya har da motar shanu, ya iso gida da sawun kofato a takalmi.

Shi ne ɗanmu na fari. Shiru-shiru ne, halin uwarsa ya ɗauko, bai ɗauki komai nawa ba sai kunnuwa. Rigar makarantarsa a leda yake ƙulle ta, ya hau mota da tsohuwar rigar gona, in ya sauka ya canza. Masaukinsa a Birni shi ne bayan shagon wata Bayarabiya mai sayen albasa da busasshen kifi, wadda muka daɗe muna ciniki da ita. Ta tsufa a Birni, Hausarta ta fi tawa kaifi, musamman wajen zagi. Ita ta ware masa lungu a ɗakin ajiyarta ya shimfiɗa katifa. Ashe ko a can bai rabu da albasa ba.

Duk na je takan tare ni da, “Malam, kai dai ko lahira a bayan motar roka za ka tahi.”

In ce, “In dai akwai mai zuwa, Hajiya, ki yi mini magana da direban.”

“Yaron ga ɗan makaranta na. Ka bar shi shi zauna bisa kujera kamar mutane.”

“Kujera ta Poli tana jiran shi. Ta hanya kuma ta mi ce?”

Sai ta ja tsaki ta auna mini goro.

Wata rana ya ba ni labari, yana ɗan murmushi, cewa ya shiga aji a makare bai samu ya yi wanka ba, sai wata yarinya ta ɗaga kai ta ce wa ke yanka albasa a nan. Aji duka aka kwashe da dariya. Ni ma na yi dariya har na sarƙe, washegari na kai labarin majalisa, na ƙara masa gishiri. Ya ji an maimaita a bakin kasuwa. Daga ranar dai bai sake ba ni labarin makaranta ba. Na ɗauka karatu ne ya yi masa yawa.

Uwarsa kuwa irin matan da ne, masu kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban kowa. In dole ta yi maganarsa sai ta ce “wancan”, da ya tafi makaranta kuma ya koma “mutanen Birni”, kamar su goma ne. Ni ma an ce in yi wannan kunyar, amma ni kunya ba ta taɓa samun masauki a wajena ba. Tun yana rarrafe nake ɗaukar shi a wuya, tsofaffi suna salati.

Amma na san abin da na sani. In zai koma, da asuba za ka iske ƙunshi a bakin zaure: ƙuli-ƙuli, garin rogo, yaji, kifi busasshe da aka cire wa ƙaya. Ba wanda ya ajiye. In ya bugo waya na sa a kunne, sai aikin tankaɗe ya taso mata daidai bayan inda nake zaune, kuma rariyar ba ta motsi sai na kashe. Ranar da ta ji ƙarar mota ta tsaya a bakin layinmu da yamma, sai ta shige ɗaki, ta ƙara wa tukunya ruwa ta ƙofar baya. Shi ma ya iya nasa. Ya durƙusa daga nesa ya ce, “Inna, mun same ku lahiya?” ta amsa tana kallon murhu. Iyakar hirarsu ke nan, kuma ban taɓa ganin mutum biyu da suka fahimci juna kamarsu ba.

Sau ɗaya ta taɓa yi mini maganar motocin. Yaron ya iso, ruwan sama ya jiƙe shi sharkaf, don tamfol ɗin na kaya ne, ba na mutum ba. Bayan ya shiga ɗaki ta ce, ba ta dube ni ba, “Albasa dai an ruhe ta.” Na ce ai albasa ruɓewa take yi, mutum kuwa bushewa yake yi. Na ji daɗin amsar nan ƙwarai. Ita ma na kai ta majalisa.

Shekararsa ta ƙarshe, da bazara, ciwo ya kwantar da ita. Ya daɗe yana cin ta a tsaye, ƙafafu suna kumbura, tana cewa zafi ne. Mun je asibiti, an ba da magani, mun dawo gida. Wata rana sauƙi, wata rana babu. Shi kuma jarrabawa ta matso, na ce ya zauna can ya yi karatu, jiki da sauƙi. Haka nake ce masa kullum.

Ran nan da hantsi na shiga ɗakinta na iske ta zaune, ta jingina da bango. Ta sha kunu kusan rabin kofi. Har ta dube ni ta ce hulata ta yi dauɗa, in cire a wanke. Raina ya yi fari. Na zauna ina ba ta labarin wani Bazabarme da ya so ya cuce ni a ciniki na riga shi. Ba ta yi dariya ba. Ta bari na gama, sannan ta ce,

“Malam, mutanen Birni ba su samu hutu ba?”

Na ce, “Jarrabawa suka yi.”

Ta murza bakin zane. Can ta ce, “Ko na yini guda.”

Macen da ta yi shekara ashirin da wani abu ba ta tambaye shi ba. Ko jaki aka faɗa wa haka ya san an yi magana. Na gane, ba zan ce ban gane ba, don nan take na fita zaure na buga masa waya. Gane rabi na yi.

Ya ɗauka. Na ce uwarka tana son ganinka. Ya ce in ba shi minti kaɗan. Da ya sake bugowa ya ce Hajiya ta ba shi kuɗin mota, ga shi nan zai hau babur ɗin kabu-kabu zuwa tasha, in mota ta cika yanzun nan zai iso.

Tsakanin Birni da Argungu ba wata tafiya ba ce. Mutum ya hau motar haya da hantsi, kafin rana ta take tsaka yana gida.

Na ce, “Wace tasha? Mai da mata kuɗinta.”

“Baba...”

“Mai da mata, na ce. Mu ba mabarata ba na. Akwai motar kaya, kanta, da za ta taso daga nan Birni wayam, abokina ka jan ta. Zauro kawai za shi biya shi ɗauki shinkafa shanshera, shi kawo ta injin casa nan garin. Azahar a gida za ka yi ta.”

“Baba, jikin nata fa?”

“Ta sha kunu. Yanzun ga ta gama yi mini faɗan hula.”

Na ji muryar Hajiya daga nesa tana cewa a ba ta wayar, na san abin da zan sha, na kashe. Na buga wa direban, muka yi barkwanci, ya ce in ajiye masa fura. Na koma ɗaki na ce mata mutanen Birni suna hanya. Ta lumshe ido. Ta ce a share tsakar gida, a ɗora ruwan zafi.

Ban yi ƙarya ba a cikin abin da na faɗa masa. Kunun ta sha, faɗan ta yi. Kuma ba rashi ba ne ya sa. Kuɗin yana hannunsa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne a ce a shekarar ƙarshe, saura ƙiris, ɗana ya shiga tasha ya biya kamar ɗan kowa, kuma da kuɗin Bayarabiya, ta samu abin yi mini gori har ƙarshen rayuwa.

Kafin azahar numfashinta ya canza. Ƙanwarta da ke jinyarta ta leƙo zaure ta kira ni da wata irin murya. Na shiga na riƙe hannunta ina yi mata kalmar shahada, tana bi a hankali. Idonta yana kan ƙofa. Duk wanda ya gitta a tsakar gida sai ta bi inuwarsa da kallo. Wata mota ta wuce a bakin layi, na ji yatsunta sun motsa a cikin nawa. Motar ba ta tsaya ba. Ladan bai kai ga kiran salla ba Allah ya karɓi abinsa.

Na fita bayan gida na buga masa. Ya ce suna cikin fadamar Zauro, can ciki, nesa da kwalta. Shinkafar rani ce aka yanke, buhunan suna warwatse gona-gona, 'yan dako suna ɗaukowa da kai. An yi rabin lodi, ƙafar motar ta baya ta nutse a laka, ana ta tura mata buntun shinkafa da itace.

Bakina da ya sayar da albasar da ta fara tsiro a kan kuɗin sabuwa, ran nan ya kasa. Na ce, “Jikin ya yi tsanani. Ka bar motar, ka hito titi.”

Bai tambaye ni komai ba. Ya ce to. Daga nan wayarsa ba ta sake shiga ba, caji ya ƙare.

Mata suka yi mata wanka, aka ɗinka likkafani, masu haƙa suka dawo suka ce sun gama. Zafin ranar nan ko tsuntsu ba ya tashi. Yayanta, wanda shi ne babba a gidansu, ya zo ya zauna kusa da ni, ga liman a gefe. Na ce a ɗan jira, yaro yana hanya. Suka jira. Ina zaune ina kallon bakin layi, duk ƙarar babur sai in miƙe. Aka yi la'asar. Yayanta ya dafa gwiwata ya ce,

“Haƙƙinta na a gaggauta. Ka hi kowa sani. Wace mota ya shigo, a bincika a tasha?”

Na ce ba ta tasha ya biyo ba.

Ya dube ni. Shi ma ɗan majalisarmu ne, ya sha jin ina cika baki. Ya tashi ya ce a fito da ita.

Muka sallace ta a ƙofar gida, muka kai ta. Ni na shiga ramin tare da yayanta muka karɓe ta. Wurin da na tsaya, ɗanta ya kamata ya tsaya. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

A hanyar dawowa muka haɗu da shi. Muna tafe a jere, samari biyu suna gaba ɗauke da makara, tabarmar a naɗe a cikinta. Sai ga kabu-kabu ya sha kwana ya tsaya. Ya sauko. Tsohuwar rigar gona ce a jikinsa, laka har gwiwa, ƙaiƙayin shinkafa a gashinsa da girarsa, ledar rigar makaranta a hannu. Daga baya na ji yadda aka yi: da ƙafa ya ratso fadama har titi, ya tsaya yana ɗaga wa motoci hannu, masu tsayawa su tambayi kuɗi, aljihunsa kuwa wayam, tun da na sa ya mayar. Wani mai babur ne ya dubi fuskarsa ya ce hau, don Allah.

Bai dube ni ba. Makarar ya duba. Samarin suka rasa yadda za su yi, suka sauke ta ƙasa, kamar hakan zai rage wani abu. Ya tsaya a kanta jim kaɗan, ya sa hannu ya taɓa tabarmar. Sannan ya ce wa kawunsa, “Kawu, a nuna mini wurin.” Su biyu suka koma. Ni ban bi su ba.

Kwanakin zaman makoki muna tabarma guda ni da shi a ƙofar gida. Mutane su zo su ce ya haƙuri, mu amsa tare, mu shafa fatiha tare. Hajiya ta zo daga Birni da buhun shinkafa da jarkar manja. Na shirya wa zaginta, har ina fatan sa. Ta durƙusa ta yi mini gaisuwa da ladabi kamar ba ta san ni ba, ta shiga wajen mata. Direban motar shinkafar ma ya zo, yana ta rantsuwa laka ce. Na ce na sani, ba ruwansa.

Bayan sadakar uku, da rana, mutane sun ragu, muka rage mu biyu. Yana tsinke zaren tabarma. Ya ce, bai ɗago ba,

“Baba, da bakinta ta ce in zo, ko kai ka gani?”

Na so in yi wasa. Na nemi wasan a inda nake ajiye su, ban iske ko ɗaya ba. Na ce, “Cewa ta yi, mutanen Birni ba su samu hutu ba. Ta ce ko na yini guda.”

Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Kafaɗunsa kawai nake gani suna motsi. Na ɗaga hannu zan dafa shi, sai wasu baƙi suka yi sallama, muka gyara zama muka amsa.

Jarrabawa ba ta san makoki ba. Ranar da zai koma na tashi da wuri, na sa riga mai kyau, na ce ya ɗauko jakarsa in raka shi. Ba ƙunshi a bakin zaure. Dukanmu mun dubi wurin, dukanmu muka yi kamar takalmi muke nema.

Hanyar tasha da ta wajen lodi a bakin kasuwa suke rabuwa. Na miƙe ta tasha, shi kuma ya tsaya. Na juyo na ce ya zo mana. Na ce yau gidan gaba zai zauna, kujera biyu zan kama masa shi kaɗai, kada kowa ya matse shi. Har na fito da kuɗin ina nuna masa, a tsakiyar hanya, kamar yaro ya samu goron salla. 'Yan majalisa suna zaune suna kallonmu, ba wanda ya yi tari.

Can wajen lodi wata roka ta gama ɗaure kaya, injinta yana ruri, direban yana leƙowa ko akwai mai rakiya. Ɗana ya dubi kuɗin da ke hannuna, ya dube ni. Ba fushi a fuskarsa. Da akwai, da na ji sauƙi. Ya naɗe mini yatsuna a kan kuɗin da hannunsa, a hankali, yadda ake yi wa tsoho. Ya gyara ledar rigarsa a hammata, ya nufi rokar. Ya taka taya, ya kama igiya, ya haye bisa buhunan ya zauna.

Na bi shi har gindin motar, ina ɗaga kai, ina cewa ya sauko don Allah, motar tasha ta fi sauri.

Ya leƙo daga sama ya ce, “Bar shi, Baba. Yanzu saurin mi nika yi?”